Yadda Ake Raɗa wa Sabon Tsiro ko Naman Kaza Suna a Kimiyyance, Tun Daga Daji Har Mujalla

Kusan kowace damina sai wani ɗalibi ya zo mini daga Marwa ko Ngaundere da waya a hannu, yana cewa, "Malam, na ga wani tsiro a gindin dutse, na duba ko'ina ban ga irinsa ba." Tambayata ɗaya ce: ina samfurin? Galibi babu, hoto ne kawai, tsiron kuma awaki sun riga sun cinye. Saboda irin waɗannan ɗalibai na rubuta wannan bayani, domin abin da suka gani yana iya zama sabo da gaske. A duniya ana raɗa wa tsirrai wajen 2,000 suna kowace shekara, dangin naman kaza da hunhuna kuma wajen 2,500. A Kamaru masu bincike sun fi karkata dazukan kudu, shi ya sa duwatsun Mandara da Alantika da tsaunin Cabal Mbabo da bakin Binuwai har yanzu suna da aiki, musamman ta wajen naman kaza. Amma suna a kimiyyance ba ya tsayuwa a kan hoto ko labari. Yana tsayuwa ne a kan busasshen samfuri da aka ajiye inda kowa zai iya zuwa ya duba.

Kayan aiki

Na farko katakon matsi: firam biyu na katako, tsawo santimita 45, faɗi 30, da igiya ko bel guda biyu. Kafinta zai haɗa maka a yini ɗaya. Sai tsofaffin jaridu da yawa, da kwalaye masu ramuka a ciki, a yanka su daidai da firam. Sai almakashin reshe, da ɗan diga ko wuƙa mai ƙarfi ta tono, da ledoji manya, da ambulan na takarda. Sai gilashin ƙara girma mai ninki 10, da rula, da littafin daji mai kauri, da fensir. Kada ka yi rubutu da biro, ruwa da barasa suna wanke shi. Wayarka za ta ba ka lambobin wuri ko babu sabis, in ka saka mata manhajar GPS. Don aikin DNA, wato gwajin ƙwayoyin gado, kana buƙatar ƙwayoyin silika masu tsotse danshi da ƙananan ledoji masu zif. Don furanni masu laushi, kwalba da barasar asibiti mai kashi 70.

Mai neman naman kaza ya ƙara da kwando mai faɗin baki, da takardar alminiyom ta naɗewa, da farar takarda da baƙa, da ragar waya. Daga baya zai buƙaci maikuroskof mai ma'auni a ido, da ruwan KOH da ruwan Melzer, sinadaran da ake ɗiga wa samfuri kafin a duba shi a maikuroskof. Waɗannan a jami'a ake samunsu, ba sai ka saya ba.

1. Nemi izini kafin ka tsinki ganye ɗaya

A Kamaru takardar izinin bincike daga ma'aikatar binciken kimiyya take fitowa. In za ka shiga gandun daji kamar Benuwe ko Faro ko Buba Njida ko Waza, sai ka ƙara da ta ma'aikatar gandun daji. Fitar da samfuri waje kuma yana ƙarƙashin yarjejeniyar Nagoya ta ƙasa da ƙasa kan raba amfanin albarkatun halittu, wadda ta fara aiki a 2014, Kamaru kuma ta yi dokarta a kan haka a 2021. Wanda ke Cadi ya bi ta jami'arsa da ma'aikatar muhalli. Mujallu da yawa yanzu suna tambayar lambar izini, harbariyom na waje kuma, wato gidan ajiyar busassun samfuran tsirrai, ba ya karɓar kayan da ba su da takarda.

Akwai izinin da ba a rubuta shi, shi ne na masu ƙasa. Ka sauka wurin jauro ko lawan, ka gai da shi, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka roƙi ɗan rakiya. Makiyayi ko maharbi ko tsohuwar da ke tsinto ganyen miya sun fi ka sanin inda abu yake fitowa da watan da yake fure. A yankunan kan iyaka da ba su da kwanciyar hankali, in mutanen gari suka ce kada a hau dutse, kada ka hau.

2. Tsinko samfurin tsiro

Samfurin da ba shi da fure ko 'ya'ya kusan bai da amfani a wannan aiki. Ka nemi reshe mai ganye da fure, in da hali da 'ya'ya. Ƙaramar ciyawa a tono ta da saiwarta, kada a fizge. Mai albasa a ƙasa, irin su gadali, a tono albasar duka. Da yawansu da ruwan farko ko bayan gobarar daji suke fure, ganye bai fito ba, don haka ka sa alama a wurin, ka koma bayan wata guda ka ɗauko ganyen, ka koma kuma don 'ya'ya.

Daga tsiro ɗaya, ko rukuni ɗaya a wuri ɗaya, ka ɗebi abin da zai cika takarda huɗu ko biyar, duka da lamba ɗaya. Lambar taka ce, ka fara daga 1 ka yi ta tafiya har ƙarshen aikinka, kada ka sake farawa kowace shekara. In tsiron guda uku ne kacal a wurin, kada ka tumɓuke su, ka yanki reshe kawai.

Kana tsaye a gaban tsiron za ka yi rubutu, ba sai ka koma masauki ba. Rubuta kwanan wata, sunan ƙauye mafi kusa da nisansa, lambobin GPS, tsayin wuri daga teku, irin ƙasar, ko karal ce, wato baƙar laka mai tsagewa da rani, ko jigawa ko tsagin dutse, da itatuwan da ke kewaye. Sannan duk abin da bushewa za ta ɓatar: tsayin tsiron, launin fure, ƙanshi, launin ɓawo in an sare shi, ko yana fitar da ƙaro ko farin ruwa. Ka rubuta sunansa da Hausa da Fulatanci da yaren mutanen dutsen, da amfanin da ake yi da shi. Ka ɗauki hoto da rula a gefe. Ka yagi ɗanyen ganye mai lafiya kamar faɗin kan yatsa biyu, ka jefa cikin silika da lamba ɗaya da ta samfurin.

3. In naman kaza ne

Nan aikin ya fi gaggawa, domin abin da ka tsinta da safe yana iya narkewa kafin magariba. Tono za ka yi, har gindi. Wasu masu dafi na gidan *Amanita* (gida shi ne rukunin jinsuna makusantan juna) suna da wata jaka a gindin ƙafa, a cikin ƙasa, in ka fizge ka bar babbar shaidarka a rami. Waɗanda ke fitowa a kan suri, na gidan *Termitomyces* da Roger Heim ya raɗa wa suna a 1942, suna da doguwar jijiya da ke gangarawa har cikin saƙar gara. Ka bi ta a hankali da wuƙa, ka auna tsawonta. Ka ɗebi ƙanana da matasa da waɗanda suka buɗe laima. Kowane iri a naɗe shi daban cikin alminiyom. Leda tana dafa shi.

A ranar za ka siffanta shi da hasken rana: faɗin laima, launinta, ko tana da santsi ko ɓarɓashi, yadda haƙarƙarin ƙasanta suka haɗu da ƙafa, ko akwai zobe, ko naman yana canza launi in an yanka, da warinsa. Ka rubuta itacen da yake kusa da shi, domin wasu ba sa rayuwa sai da saiwar wani itace, kamar doka. Sannan ka yanke laima ɗaya, ka kifa ta a kan takarda rabi fara rabi baƙa, ka rufe da kofi har safiya. Ƙurar irin da ta zubo za ta bar zane mai launi, fari ko ruwan hoda ko ruwan ƙasa ko baƙi, kuma launin nan yana raba gidaje da yawa. Kada ka ci, kada ka ba kowa, ko da an ce maka ana cin mai kama da shi.

4. Busarwa

Shimfiɗa tsiron cikin jarida, ka juya wasu ganyaye bayansu ya kalli sama, ka buɗe fure ɗaya ko biyu don a ga cikinsu. Dogon kara a lanƙwasa shi, kada ya leƙo waje. Rubuta lamba a jikin jaridar. Kwali, jarida, kwali, haka har sama, sai a ɗaure tamau. Da hunturu kwana uku zuwa huɗu sun isa. Da damina kuwa dole ka canza jarida kullum, in ba haka ba hunhuna ta cinye aikin. Idan kana da mota, ɗaure katakon a kan rufi ta yadda iska za ta bi ta ramukan kwali. In babu, jingina shi a saman murhun gawayi da nisa, zafin da hannu zai jure.

Masu ruwa a jiki kamar tinya suna ci gaba da rayuwa cikin matsi, sai an tsaga su an tsoma a barasa ko tafasasshen ruwa. Ka kiyayi idonka da farin ruwan tinya. In tafiya ta yi nisa kuma ba halin busarwa, ana zuba wa jaridun barasa a rufe cikin leda mai kauri har a dawo gida, amma wannan yana lalata DNA, shi ya sa ganyen silika yake da muhimmanci.

Naman kaza ba a matse shi. A tsaga manya gida biyu, a jera a kan raga, zafi tsakanin digiri 40 da 45, har ya yi ƙaras. Fitilar kananzir a ƙarƙashin raga cikin kwali mai huji a sama tana yin aikin. Zafi mai yawa yana ƙona DNA. Da ya bushe, cikin leda mai zif da silika. Kafin kowane samfuri ya shiga harbariyom a sa shi cikin firiza kwanaki don kashe ƙwari.

5. Tabbatar da cewa sabo ne

Wannan shi ne asalin aikin, kuma a nan ne yawancin "sababbin" tsirrai suke komawa tsofaffi. Kada hakan ya karya maka gwiwa. Samun sanannen tsiro a inda ba a taɓa rubuta shi ba, a Kamaru ko a Cadi, shi ma abin bugawa ne.

Fara da gano dangi da gida. Ka duba jerin littattafan *Flore du Cameroun* da aka fara fitarwa a 1963, da *Flora of West Tropical Africa* na Hutchinson da Dalziel, da *Flore illustrée du Tchad* na César da Chatelain da ya fito a 2019. Kada ka tsaya a iyakar ƙasa. Tsiron yankinmu yana iya kasancewa an raɗa masa suna daga Sanigal ko Sudan ko Habasha shekara ɗari da suka wuce, domin ciyayin Sahel haka suke miƙewa daga yamma zuwa gabas. A intanet, rumbun sunayen tsirrai na IPNI zai nuna maka duk sunayen da aka taɓa bugawa a gidan, rumbun POWO na lambun tsirrai na Kew da ke Landan da rumbun tsirran Afirka na Janeba za su nuna maka waɗanda aka yarda da su da waɗanda aka haɗe ƙarƙashin wani sunan. Kada ka tsallake haɗaɗɗun, sau da yawa abin da ke hannunka yana ɓoye ƙarƙashin tsohon sunan da aka binne bisa kuskure, kuma in haka ne tsohon sunan ke da haƙƙi.

Daga nan ka kai samfurinka harbariyom, ka ajiye shi gefe da gefe da 'yan uwansa. Makarantar namun daji ta Garwa tana da nata, babban na ƙasa kuma yana Yawunde, alamarsa YA, wanda René Letouzey ya kafa. Samfuran asali na tsoffin sunaye, wato waɗanda aka rataya wa kowane suna lokacin raɗa shi, yawancinsu suna Paris da Kew da Meise ta Beljiyom, amma an ɗauki hotunan da yawa, ana ganinsu a shafukan waɗannan gidaje da JSTOR Global Plants. Ka jiƙa busasshen fure a ruwan zafi, ka feɗe shi ƙarƙashin gilashi, ka ƙirga, ka auna. Ka zana tebur: naka a layi ɗaya, makusantansa biyu ko uku a sauran.

Ka nemi bambanci biyu ko uku da ba su rataya da juna ba, kuma su tabbata a samfuri fiye da ɗaya. Girman ganye shi kaɗai ba hujja ba ne. Itacen da wuta ta ci ya tofo yakan yi ganye ninkin na kullum, wanda akuya ke ci kuma ya tsuke. Na taɓa ɗaukar wata biyu a kan wani ɗan itace daga tsagin dutse kusa da Poli, mai ƙananan ganye masu gashi, sai da na koma na bi gangaren zuwa rafi na ga ganyen yana ƙara girma, gashin yana raguwa taki bayan taki, har ya zama sanannen abu. Wurin zama ne ya canza shi. Sunan gargajiya ma jagora ne kawai. Kalgo suna ɗaya ne a bakinmu, amma jinsi biyu ne: *Piliostigma reticulatum* na busasshen wuri mai sulɓin bayan ganye, da *Piliostigma thonningii* mai gashi a baya.

Mai naman kaza zai auna ƙwayoyin iri aƙalla 20 zuwa 30 a maikuroskof, tsawo da faɗi, ya duba ko suna canza launi a ruwan Melzer, ya zana sauran ƙwayoyin jikin haƙarƙari da fatar laima. Sannan DNA: tun 2012 aka amince da wani sashen DNA da ake kira ITS a matsayin ma'aunin gane dangin naman kaza, kuma da wuya mujalla ta karɓi sabon jinsi yanzu ba tare da shi ba. In ba ku da na'ura, nemi haɗin gwiwa da wani ɗakin gwaji, amma ku rubuta yarjejeniya tun farko: wa zai zama marubuci, ina samfurin asali zai zauna. Na ga wanda ya aika kayansa bisa amana kawai, bayan shekara biyu ya tsinci sunansa a layin godiya.

A ƙarshe ka rubuta wa masanin da ya ƙware a wannan gida. Amsarsa ta layi uku tana iya tsare maka shekara.

6. Zaɓi samfurin asali, ka raɗa suna

Dokar suna ta duniya ta tsirrai da naman kaza ana sabunta ta a babban taron masana, na Shenzhen a 2017, na Madrid a 2024. Abin da take nema gare ka kaɗan ne, amma in ɗaya ya faɗi sunan bai inganta ba.

Samfuri ɗaya tak za ka ayyana a matsayin na asali, daga tsinka ɗaya, rana ɗaya, wuri ɗaya. Furen Mayu da 'ya'yan Satumba tsinka biyu ne, ɗaya ne kawai zai zama asali, ɗayan a jera shi cikin sauran samfura. Tun 1990 wajibi ne ka rubuta kalmar *holotypus* ko makamanciyarta, ka kuma faɗi harbariyom ɗin da yake ciki. Tun 2007 hoto ko zane ba ya zama asali ga irin waɗannan tsirrai. Ra'ayina, wanda ba na sassautawa a kai: asalin ya zauna a gida, a YA in daga Kamaru ne, tagwayensa, wato sauran takardun da ke da lamba ɗaya da shi, su tafi Paris ko Kew. Ɗalibin da zai zo bayanka bai kamata ya nemi biza don ganin tsiron bayan gidansu ba. Tagwayen kuma kada ka ƙi aika su. Harbariyom na Berlin ya ƙone a 1943 da ɗimbin samfuran asali na Kamaru, da yawansu tagwayen da aka raba wa wasu gidaje ne kawai suka tsira.

Sunan kashi biyu ne tun daga Linnaeus a 1753: na gida, sai na jinsi, da sigar Latin. Na wuri yakan ƙare da *-ensis*. Na namiji mai suna da ya ƙare da harafin baƙi, ba wasali ba, yakan ɗauki *-ii*, na mace *-iae*. Ararrabi ana kiransa *Boswellia dalzielii* don girmama Dalziel, likitan da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916. Kana iya ɗauko sunan daga Hausa ko Fulatanci, ko ka girmama wanda ya nuna maka tsiron in ya yarda. Ba a maimaita sunan gida a matsayin na jinsi, ba a raɗa wa kai, kuma ka duba IPNI ko an riga ka. Taron Madrid ya buɗe ƙofar soke sababbin sunaye masu cin mutuncin wata al'umma daga 2026.

7. Rubuta takardar

Ga tarkon da ya fi kama mu masu karatun Faransanci. Tun 1 ga Janairu 2012 bayanin da ke inganta suna dole ya kasance da Latin ko Ingilishi. Faransanci ba ya yi. Sauran takardar kana iya rubuta ta da Faransanci in mujallar ta yarda, amma gajeren sakin layin da ke cewa wannan jinsi ya yi kama da wane, ya bambanta da shi ta kaza da kaza, ka sa shi da ɗaya daga cikin harsunan biyu.

Tsarin da aka saba: suna da marubutansa da *sp. nov.*, wato sabon jinsi, samfurin asali da duk bayanin lambarsa, bayanin bambanci, cikakken siffantawa daga saiwa zuwa iri, wurin zama, lokacin fure, ma'anar sunan, sunayen gargajiya, sauran samfuran da aka duba, da mabuɗin raba shi da 'yan uwansa. Ka nemi mai zane ya yi zanen tawada da ma'auni a gefe. Ka ƙara kimanta haɗarin ɓacewa bisa ma'aunin IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, manhajar GeoCAT kyauta ce, tana lissafa faɗin wurin da murabba'in kilomita 2 sau 2. Ka faɗi barazanar da idonka ya gani: gonar auduga, haƙar zinariya, gawayi, kiwo. In tsiron abin kasuwa ne, kada ka buga lambobin wurinsa daidai.

Mai naman kaza yana da ƙarin wajibi tun 1 ga Janairu 2013: ya yi rajistar sunan a MycoBank ko Index Fungorum ko Fungal Names, ya sa lambar da aka ba shi cikin takardar. Ba lamba, ba suna. Jerin DNA kuma ya shiga GenBank, rumbun bayanan DNA na intanet.

8. Zaɓi mujalla, ka jure wa masu tantancewa

Kundin digiri da aka ajiye a laburaren jami'a ba bugawa ba ne a idon doka, haka Facebook, haka takardar taro. Kada ma ka yaɗa sunan kafin ya fito. Bugun intanet ya halatta tun 2012, in PDF ne a mujalla mai lambar ISSN ko littafi mai ISBN.

*Adansonia* ta gidan tarihin halittu na Paris da *European Journal of Taxonomy* ba sa karɓar kuɗi daga marubuci ko mai karatu, kuma *Adansonia* tana buga Faransanci. Akwai *Kew Bulletin*, da *Candollea* ta Janeba, da *Plant Ecology and Evolution* ta Meise, da *Phytotaxa*. *PhytoKeys* da *MycoKeys* ana biya, amma ka tambayi rangwame kafin ka aika. Mujallar da ta turo maka saƙo tana alkawarin bugawa cikin mako guda in ka biya, ka rabu da ita.

Ka karanta ƙa'idar mujallar, ka ɗauki takarda biyu da ta buga kwanan nan ka bi tsarinsu. Mujalla ɗaya ake aika wa a lokaci ɗaya. Gyara zai dawo bayan watanni, wani lokaci da zafi. Ka amsa kowace magana da lambarta: wannan na gyara a layi kaza, wannan ban yarda ba saboda kaza. In sun ce samfuri ɗaya bai isa ba, yawanci gaskiyarsu ne, ka jira damina ka koma. Idan shafin gwaji ya zo, ka duba harafin sunan, lambar samfurin asali, alamar harbariyom da lambar rajista, harafi bayan harafi.

Ranar da takardar ta fito, ka je ka manna wa samfurin asali jar alama da sabon sunan da inda aka buga, ka sanar da gidajen da ke riƙe da tagwayen su yi haka. Bayan 'yan makonni ka duba ko IPNI ya shigar da sunan, in bai shigar ba ka aika musu PDF ɗin. Sannan ka buga kwafi biyu masu launi, ɗaya na jauro, ɗaya na wanda ya raka ka, ka kai musu da kanka, ka fassara musu abin da aka rubuta game da dutsensu, ka nuna musu inda tsiron yake don a kewaye shi lokacin ƙunar daji.